Ranar da Aka Saki Hamdiya a Bron

Hamdiya Ilya ba ta je Bron don ta tuƙa jirgi ba. Kwalaye ta je kwancewa.

Ƴar Damagaram ce, shekararta ashirin da tara, tana karatun tarihi a jami'ar Lyon, tana zaune a wani ɗan ɗaki a Villeurbanne, a gefen Lyon, wanda in ta shimfiɗa dardumar salla sai ta ɗage kujera. Wata rana malaminta ya ce mata akwai wani ƙaramin kulob na masu tuƙa jirgin sama a filin jirgin Bron, suna neman wanda zai tsara musu tsofaffin takardunsu kafin beraye su gama da su. Ta karɓa ne kawai don tana son ƙurar takarda. Jirgi kuwa ba abokinta ba ne. Sau huɗu ta taɓa shiga babba tsakanin Yamai da Paris, duk sau huɗun da leda a hannu ta sauka.

Ranar Asabar ta hau tiram, jirgin ƙasan cikin gari, ta ƙarasa da ƙafa. A bakin wata rumfar ƙarfe ta tarar da sakataren kulob ɗin, Mushe Perrachon, wato Malam Perrachon, tsoho mai shekara tamanin da ɗaya, kunnensa guda ya daina aiki saboda ƙarar inji. Bai bar ta ta ajiye jaka ba ya ja ta waje, ya nuna mata titin jirgi da sandarsa.

"Kin ga nan?" ya ce da Faransanci, da ƙarfi irin na kurame. "A 1910 duk gonaki ne. Aka share fili, mutanen Lyon suka yi dafifi suka zo kallon mahaukatan da suka ce za su tashi. Kin san da me ake yin jirgi a lokacin? Katako, ƙyalle, da waya. Shi ke nan!"

"To wa ke koya musu?" in ji Hamdiya.

Tsohon ya yi dariya har da tari. Ya ce ai jirage da yawa kujera ɗaya gare su, malami ba shi da wurin zama. Sai a fara ɗora ɗalibi kan wani jirgi da aka gutsure wa fukafukai don kada ya tashi, ya yi ta gudu a ciyawa kamar kazar da aka kora, har ya iya miƙe hanya. Daga nan a ba shi mai cikakken fiffike ya riƙa ɗan tsalle. Malam yana ƙasa yana ihu yana kaɗa hula. Kuma man zurma ake zuba wa injin, yana fantsama a fuskar matuƙi, yana haɗiya.

"Man zurma?" Hamdiya ta zaro ido. Ta san shi tun tana ƙarama, shi kakarta ke ɗura musu in ciki ya ɗaure.

"Shi fa! Wasu ba tsoro ke sauko da su da wuri ba, ciki ne!"

Tun daga ranar ta kamu. Kwalaye goma sha bakwai ne a wani ɗaki bayan rumfar, cike da hotuna, da wasiƙu, da kundayen da ake rubuta darasin kowane ɗalibi. Kowace Asabar tana can, ta ɗaure hanci da gefen mayafinta, tana jera tarihin filin shekara bi shekara: zamanin masu man zurma, zamanin sojoji, zamanin da manyan jiragen fasinja ke sauka nan kafin a gina wa birnin sabon fili, sai kuma kulob-kulob ɗin da suka saura suna koya wa duk mai sha'awa. A waje ƙananan jirage na tashi suna sauka, ita ko ɗaga kai ba ta yi.

A kwali na tara ta ci karo da wani kundi na 1937. Sunayen maza ne jere, leburori da ƴan koyon sana'a, sai a tsakiyarsu suna guda na mace: Léonie Chavanne. A gaban sunan an rubuta sana'arta, mai ɗinka ƙyallen fukafukai. Darasi goma sha huɗu aka rubuta mata, kusan kowane da yabo. Bayan na goma sha huɗun, babu komai. Shafin ya tsaya fari fat.

Ta kai wa Mushe Perrachon. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce ko dai ta gaji ta bari, ko ta faɗi. Hamdiya ta ƙi yarda. Wanda ya gaji ba a rubuta masa "hannunta ya yi kyau ƙwarai" a ranar ƙarshe. Ta shafe mako uku tana bin sunan a rajistar aure da ta haihuwa, ta aika wasiƙa bakwai, shida suka tafi ba amsa. Ta bakwai ta dawo da lambar waya da layi ɗaya: "Kakata ce. Ki zo Paris, akwai abin da za ki gani."

Zuwa da kai ya fi saƙo. Ta hau jirgin ƙasa daga tashar Part-Dieu da hantsi, awa biyu tana Paris. Jikar, Madam Colette, tana zaune a unguwar Belleville a hawa na biyar, gidan babu na'urar hawa. Tsohuwa ce ƴar firit mai farin gashi, ta riga ta dafa shayi ta ajiye wani gwangwanin biskit a tsakiyar tebur. A cikinsa akwai tabaran matuƙa da ya fashe a ido ɗaya, da lanƙwasasshiyar allura, da ɗan littafin rubutu mai baƙin bango.

"Ba ta faɗi ba," in ji Madam Colette. "Korar ta aka yi. Karanta ki ji."

Hamdiya ta buɗe littafin ta karanta da ƙarfi. Léonie ta rubuta cewa wata Lahadi da safe malaminta ya sauka daga jirgin, ya ce ta tafi ita kaɗai, ta zagaya filin sau ɗaya rak ta dawo. Ta tashi. Da ta juya gabas sai ga duwatsun Alpes sun fito fes, farare, kamar an wanke su an shanya. Sai ta ga ai zagaye ɗaya ba zai ishe ta ba. Ta yi na biyu. Ta hango malam a ƙasa yana tsalle yana jifa da hula. Ta yi na uku. Da ta sauka, shugabannin kulob suka hana ta hawa na wata shida, suka ƙi rubuta tashin a kundi don ya zama darasi ga saura. Kafin wata shidan ya cika ta yi aure ta koma Paris, daga baya yaƙi ya zo ya rufe maganar.

"Ta yi nadama?" Hamdiya ta tambaya.

"Nadama? Har ta rasu tana cewa da ta san korar ta za a yi, da biyar ta yi!"

Suka yi dariya har shayi ya zube. Amma da Hamdiya ta ci gaba da buɗe shafuka, sai ta fara tuntuɓe. Léonie ta cika littafin da maganganun da ba su shiga kanta ba. Wai jirgi da mazaunai ake jin sa, ba da ido ba. Wai akwai wani lokaci dab da ƙasa da dole ka ƙi sauka kafin ka sauka. Ta tambayi Madam Colette ma'anarsu, tsohuwar ta ce ita ko keke ba ta iya ba.

"Ke da za ki rubuta tarihinsu, kin taɓa hawa irin nasu?"

"A'a, Madam."

"To ai kin zama mai ba da labarin miya ba ki taɓa lasa ba."

Maganar ta bi ta har Lyon. Asabar ta gaba ta kai hotunan shafukan da ta ɗauka wurin babbar malamar tuƙi ta kulob ɗin, Sofia, mace mai kimanin shekara hamsin, ƴar Vaulx-en-Velin da ke gefen Lyon, wadda ta yi shekara ashirin tana tuƙa jiragen ɗaukar marasa lafiya kafin ta dawo koyarwa. Sofia ba ta da yawan magana. Ta karanta, ta miƙo mata takardun, ta ce, "Ba na iya bayyana miki wannan a ƙasa. Ajiye jakarki."

"Ni amai nake yi a jirgi."

"Akwai leda."

Jirgin ɗan ƙarami ne, fari da jan layi, ciki bai fi bayan tasi faɗi ba. Sofia ta ɗaure ta da bel, ta ɗora mata abin saurare a kan mayafinta, ta yi magana da hasumiyar masu ba jirage izinin tashi da sauka, farfela ta juya har ta ɓace wa gani. Hamdiya ta karanta duk addu'ar da ta zo bakinta, har da ta shiga kasuwa. Suka fara gudu. Fitilun gefen titi suka riƙa wucewa fiu-fiu, ƙarar taya ta yi yawa, ta yi yawa, sai ɗif, ta ɗauke. Ƙasa ta sulale ta bar su.

Ta buɗe ido. Ga Lyon a shimfiɗe kamar tabarma, koguna biyu sun taho sun haɗe a ƙasan birni, ga cocin Fourvière a kan tudu kamar an ɗora ƙwarya. Motoci sun zama kiyashi.

"Kama sandar," in ji Sofia. "Da yatsu uku. Ba taɓarya ba ce."

Ta kama. Ta ɗan karkata ta dama, sai duniya gaba ɗaya ta karkata, kujera ta danno ta daga ƙasa. Ta mayar, duniya ta miƙe. Wani ihu ya kuɓuce mata da Hausa: "Wayyo Allah, yana jin magana!" Sofia ba ta san me ta ce ba, amma ta gane, ta yi murmushi. Sai da suka sauka Hamdiya ta ga ledar nan a cinyarta, a ninke yadda aka ba ta.

A ranar ta rubuta sunanta cikin ɗalibai. Mushe Perrachon ya taimaka mata ta nemi tallafin da ake bai wa mata masu koyon tuƙi, likita ya gwada idonta da zuciyarta ya sa hannu, aka buɗe mata shafinta a kundi.

Mutum ɗaya ya rage ta gaya wa, Kawu Hudu, ƙanin mahaifiyarta. Shekara talatin yana Faransa, makanike ne a garejin motocin bas na birni, yana zaune a unguwar Minguettes a hawa na goma sha ɗaya da matarsa Inna Rékia. Shi ne uba gare ta a ƙasar nan. Ta je ranar Lahadi, aka gaisa, aka tambayi karatu da mutanen gida, aka ci tuwo da miyar kuka. Sai da aka kawo shayi ta sunkuyar da kai ta faɗa, tana jiran faɗa.

Kawu Hudu ya ajiye kofi. "Injin nawa ne silindansa?"

"Na'am, Kawu?"

"Silinda, ɗiyata. Huɗu ne ko shida? Da iska yake hucewa ko da ruwa?"

Ba ta sani ba. Ya girgiza kai, ya ce ba za a ce ɗiyarsa na hawa abin da bai ga cikinsa ba. Asabar ta gaba sai ga shi a Bron da jar hularsa da fitilar aljihu. Kafin azahar ya san sunan makaniken kulob ɗin da sunayen ƴaƴansa, kansu biyu na cikin injin suna musu a kan fulogi. Ya fito yana goge hannu, ya ce, "Inji ne mai gaskiya. Babu ƙarya a cikinsa. Ki hau." Daga nan bai ƙara fashin Asabar ba. Yakan zo da butar shayi ya zauna a bencin da ke bakin shinge kusa da Mushe Perrachon, kurma da mai surutu, suka zama aminai.

Koyo ya yi daɗi da farko. Ta iya miƙe jirgi, ta iya hawa da gangara, ta iya juyi ba tare da hanci ya faɗi ba. Ta koyi duba jirgi kafin tashi, ta zagaya shi tana taɓa kowane kusa da kowace taya, ta tsiyayi mai a ɗan kofi ta ɗaga shi ga haske ko da ruwa a ciki. Maganar rediyo ce ta fara ba ta wuya, ranar farko ta gaida mutumin hasumiya har da tambayar gajiya, Sofia ta ce, "Nan ba gidan suna ba ne. Wace ce ke, ina kike, me kike so. Uku." A cikin tiram ma bita take yi, har wata tsohuwa ta taɓa tambayar ta ko lafiya, ganin tana jan iska da yatsu uku tana motsa baki.

Sauka ce ta tsaya mata a wuya. Darasi na goma, na goma sha biyu, na goma sha biyar, kullum abu ɗaya. Ta taho daidai, titi na gabanta, da ta ga kwalta ta matso sai ta ƙagu, ta tura hancin jirgi ƙasa. Jirgin ya daki titi ya yi tsalle kamar ɗan akuya, ya sake dira, ya sake tashi. Wata rana ta fito ta shige ɗakin kwalaye ta rufe ƙofa ta yi kukanta. Sofia ta biyo ta, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Matsalarki, kina kallon inda za ki faɗi. Kalli can ƙarshen titi. Kuma ki daina ƙoƙarin sauke shi. Riƙe shi sama da ƙasa kaɗan, ki hana shi taɓawa, ki ƙara hana shi, har ya gaji ya zauna da kansa."

Hamdiya ta share ido. Abin da Léonie ta rubuta ke nan, wanda ta kasa ganewa a Paris. A darasi na goma sha bakwai ta kafa idonta a ƙarshen titi, ta riƙe, ta riƙe, tana ce masa a ranta kada ka sauka, kada ka sauka, sai ta ji tayoyin baya sun sumbaci kwalta, cii, kamar kukan ɗan tsako. Ta maimaita sau biyar a ranar. Da suka kashe inji Sofia ta ce, "Cikin makon nan ko na gaba zan sake ki." Haka suke kiran tashin farko da ɗalibi zai yi shi kaɗai, lâcher, wato saki.

Da murna ta buga wa Inna Rékia waya. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce, "Inna, an kusa a sake ni!"

Sai Inna ta ce a hankali, "Innalillahi. Hamdiya, yaushe aka ɗaura har za a saki? Wane ne shi?"

Sai da Kawu Hudu ya karɓi wayar ya warware zancen, ana jin dariyarsa tana dukan bango.

Ranar ta zo a wata Asabar ta watan Mayu, da misalin ƙarfe goma na safe. An yi ruwa jiya, sama ta wanke tas. Suka yi zagaye uku da Sofia, uku duka lafiya. Bayan na ukun Sofia ta ce ta kai su gaban rumfa. Ta kwance bel ɗinta, ta yi wa hasumiya ƴar gajeriyar magana, ta buɗe ƙofa.

"Zagaye ɗaya. Zai tashi da wuri saboda babu nauyina, kada ki firgita. In ba ki gamsu da saukarki ba, ba shi wuta ki sake zagayowa, babu kunya a ciki. Allez, je ki."

Ta rufe ƙofar ta tafi, ko waiwaye ba ta yi ba.

Hamdiya ta dubi kujerar dama. Babu kowa, sai bel a naɗe. A bakin shinge ta hango Kawu Hudu ya miƙe tsaye, butar shayi a hannu ya manta bai ajiye ba. Ta yi bismilla, ta bi jerin abubuwan dubawa ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi kamar mai hadda, ta kira hasumiya. Wace ce ita, ina take, me take so. Muryar namiji ta amsa a natse, ya ba ta titi, ya ƙara da cewa, "Bon vol, madame," wato a tashi lafiya.

Ta tura masa wuta har ƙarshe. Jirgin ya zabura kamar an tsikare shi, kafin ta shirya ya bar ƙasa, yana hawa kamar mai gudun masu bin bashi. Ta ji wani abu ya taso mata daga ciki har maƙogwaro, ta ɗauka amai ne, ashe dariya ce. Ita kaɗai, Hamdiya ta unguwar Birni a Damagaram, a saman ƙasar Faransa, babu mai riƙe da komai sai ita! Ta juya gabas, sai ga duwatsu sun jeru a bakin sama, mafi tsayinsu fari sol yana ƙyalli. Ta ce, "Tabarakallah," ta mayar da idonta kan allunanta da sauri, don aiki na jiran ta.

Ta bi gefen titi, ta rage wuta, ta sauke fukafukan birki, ta juyo ta fuskanci kwalta. Komai daidai. Tana dab da ƙasa, ta fara riƙe shi, sai wata iska ta bugo daga hagu ba sallama. Fiffiken hagu ya ɗaga, jirgin ya zame ya bar tsakiyar titi, ciyawa ta bayyana a inda ya kamata kwalta ta kasance. Hannunta ya so ya tura hanci ƙasa a gama kawai. Ta hana shi. Ta danna wuta gaba ɗaya, ta miƙe fukafukai, injin ya yi ruri, ƙasa ta sake ja da baya.

"Remise de gaz," ta gaya wa hasumiya, wato ta fasa sauka za ta sake zagayowa. Ta yi mamakin yadda muryarta ta fita sumul.

A ƙasa kuwa Kawu Hudu ya riƙe hannun Mushe Perrachon har tsohon ya yi ƙara. "Me ya faru? Inji ne? Ba inji ba ne, ina jin sa, lafiyarsa lau!" Sofia tana tsaye da ƴar rediyo a hannu, ba ta ɗauke ido daga sama ba. Ta ce, "Yanzu na tabbata ban yi kuskure ba."

Zagaye na biyu Hamdiya ba ta kalli duwatsu ba. Mutumin hasumiya ya faɗa mata ƙarfin iskar da inda take fitowa. Ta taho tana karkatar da hancin jirgi cikin iskar kamar mai tsallaka kogi, ta kai bakin titi, ta miƙe shi da ƙafa, ta ɗan sunkuyar da fiffiken hagu, ta kafa ido can ƙarshe. Ta riƙe. Ta riƙe. Tayar hagu ta taɓa, ta dama ta biyo, ta gaba ta sauka a hankali. Jirgin ya gangara a tsakiyar farin layi kamar an ja shi da zare.

"Félicitations," in ji hasumiya, wato barka. Ta so ta amsa da kalma ɗaya kamar yadda aka koya mata, amma sai da ta yi masa godiya sau uku.

Da ta kashe inji ta buɗe ƙofa, ta sauko ta jingina da fiffike. Mutanen kulob suka fito daga rumfa suna tafi. Al'adarsu ce a yi wa wanda aka saki wanka da bokiti, Sofia ta kori mazan gefe ta ce wannan aikin mata ne, ita da wata ɗaliba suka juye mata ruwan sanyi tun daga ka. Hamdiya ta ƙwalla ihu, tana dariya tana haƙi, mayafi ya manne mata a fuska. Mushe Perrachon ya kawo kundi yana kare shi daga ruwa da rigarsa, ya rubuta kwanan wata da minti goma sha tara, ya sa Sofia ta sa hannu a take.

Kawu Hudu kuwa ya riga ya kira Damagaram, yana zagaye jirgin da waya a sama yana nuna wa mahaifiyarta. "Yaya, kin gan ta nan! Ita kaɗai! Iska ta zo ta yi mata rashin kunya, ta koma sama ta ba ta amsa! Wallahi da idona!" Daga cikin wayar guɗa ke fitowa, da muryoyin maƙwabta da aka kira su zo su gani. Hamdiya ta karɓa, mahaifiyarta ba ta iya cewa komai ba sai "Allah Ya tsare, Allah Ya tsare," sannan ta tambaye ta me ya jiƙa ta haka.

Aka ba ta tawul ta yafa. Sofia ta duba agogo, ta dubi sama, ta dubi Kawu Hudu da ke shafa murfin injin kamar mai lallashin doki.

"Mushe Hudu, akwai rabin awa kafin ɗalibi na gaba, kuma akwai mai a tanki. Wata shida kana zaune a bencin nan."

Kawu ya ja da baya taku biyu. "Ni? A'a, Madam. Ni na ƙasa ne. Ni gyara nake yi."

"Kawu," in ji Hamdiya, haƙoranta na kaɗawa don sanyi, "ba ku ne kuka ce inji ne mai gaskiya ba?"

Ya dube ta, ya dubi jirgin. Ya yi gyaran murya. Ya tambayi Sofia ko ana iya hango Minguettes daga can, ta ce har tagar ɗakinsa. Sai ya ciro waya ya kira Inna Rékia ya ce ta fito baranda ta riƙe jan zane a hannu, kada ta tambaye shi dalili. Ya cire hularsa ya danƙa wa Hamdiya tare da butar shayi, ya tattare rigarsa, ya ɗaga ƙafar dama da bismilla ya shiga.

Hamdiya ta koma bencin bakin shinge ta zauna kusa da Mushe Perrachon, ruwa na ɗiga daga gefen siket ɗinta. Ta zuba musu sauran shayin. Farfela ta juya, jirgin ya wuce ta gabansu a hankali, Kawu Hudu a ciki ya riƙe bel da hannu biyu, bakinsa na motsi ba tsayawa, ba ta san ko addu'a yake yi ba ko tambayar Sofia yake game da silinda.